Durƙuson Maigidana a Tsibirin Kanak

Wasu ƴan shekaru da suka shige, lokacin ina da aure, ni da maigidana mun taɓa zuwa hutu wani tsibiri da ake kira Nubel Kaledoni, can ƙarshen duniya, gaba da Ostireliya. Da yawa cikinku kun ga hotunan a lokacin, har wasu suka riƙa rubuto mini cewa in yi musu addu'a Allah ya ba su miji irin nawa. Na kuwa yi ta amsawa da amin. Yau zan ba ku abin da bai fito a hoton ba, tunda maganar ta daɗe da mutuwa, kowa ya kama gabansa.

Aurenmu auren jirgin ƙasa ne. Ni ina Lyon, ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Shi yana Paris, injiniya ne, yana da ɗan ɗaki can saman bene a Belleville. Ran Juma'a da yamma ɗaya ya hau jirgi ya iske ɗaya, ran Lahadi a yi sallama a gar, wato tashar jirgin. Ni ƴar Damagaram ce, shi mutumin Tawa, a jami'ar Yamai muka haɗu. Kada ku ce na zo ɓata shi, mutumin kirki ne. Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya, in ba ni da lafiya shi yake dama mini kunu. Aibinsa guda ne: in ya ƙulla abu a ransa ba ya kwancewa, kuma ba zai taɓa gaya maka ya ƙulla ba.

A shekarar ne mahaifina ya rasu. Na tafi gida ni kaɗai, don ya ce aiki ya riƙe shi, ya yi wa mahaifiyata gaisuwa ta salula. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in, suruki bai zo ba. Kun dai san mu. A garinmu ba a yi wa suruka gaisuwar mutuwa ta waya muddin ƙafarka tana takawa. Mijin ƙanwata daga Agadas ya taso, mijin ƴar baffana daga Kwatano, kowanne ya cire takalmi tun daga zaure, ya shiga ya durƙusa gaban Inna tana cikin takaba. Matan unguwa kuwa ba sa tambaya kai tsaye. Sai dai wata ta gyara zama ta ce ko na Faransa bai samu isowa ba har yanzu, Inna ta ce yana hanya.

Haka Inna ta gama takabarta tana cewa yana hanya. Ni kuma na zama gwanar ƙera uzuri. Yau an hana shi konje, wato hutun aiki, gobe shugabansa ya yi tafiya, jibi an ɗora masa wani babban aiki. Da ana ba da takardar shaida a wannan fanni, wallahi da na fito da yabo. Duk Lahadi in na kira gida, bayan an gama ya sanyi ya aiki ya kewa, Inna takan ce, “Ya maigidanki?” sai ta ɗan yi shiru. Wannan shirun nake tsoro. Ba ta taɓa buɗe baki ta ce yaushe zai zo ba, kunya da kara ba za su bar ta ba.

In na tayar masa da maganar sai ya ce, “On verra, chérie,” wato za mu gani. Wani lokaci ya ce duk wannan wahalar da kai ce, Allah yana jin addu'a daga Belleville kamar yadda yake ji daga Damagaram. Ni kuma na zauna na gina masa hujja a raina. Na ce ya tashi a makarantar kwana, ya daɗe a Turai, bai san nauyin abin ba ne. Na riƙa yi masa bayani dalla-dalla kamar mai koya wa yaro alwala, yana gyaɗa kai yana kallon salularsa.

Sai wata Juma'a ya sauko daga jirgi a Lyon yana ta fara'a, ya ce ya sayo mana biye, tikitin jirgi na zuwa tsibirin nan, ya samu konje. Na tsaya ina kallonsa a tsakiyar gar, mutane suna ture ni da akwatuna. Na ce ashe konjen yana samuwa. Ya ce wannan ai daban, mun gaji, aurenmu yana bukatar iska, kuma ya yi alkawari in mun dawo, ƙarshen shekara, sai Damagaram. Alkawarin nan na riƙe na yarda. Inna kuwa na ce mata za mu ɗan zaga cikin Faransa, na lallashi kaina da cewa ai tsibirin a hannun Faransa yake, ban yi ƙarya ba.

Asabar ɗin da za mu tashi a satinta, ina Paris, ya ce in shirya mu je kasuwar Barbès. Mutumin da ya tsani kasuwa, in na ce ya raka ni sai ya ce kansa yana ciwo. Ranar shi ne a gaba. Muka bi ƙarƙashin gadar jirgin metiro, muka shiga shago muka fita, yana sa a sauko masa da atamfa, yana murza ta da yatsa, yana ɗaga ta ga haske. Daga ƙarshe ya zaɓi wani turmi shuɗi mai duhu, mai tsada, irin na dattijuwa mai mutunci. Ya ja ni wajen masu goro ya zaɓi farare manya, ya ƙara da kwalbar turare. Turmi, goro, turare. Ku gaya mini, ƴar Damagaram ta ga wannan haɗin, me za ta ɗauka? Ina bayansa ina murmushi ni kaɗai kamar sakara, har na ce masa Inna kuwa tana son wannan launin.

Ya juyo ya ce, “Inna? A'a, wannan na kutum ne.”

Nan ya tsaya a bakin titi yana yi mini bayani, idonsa har ƙyalli yake. Wai Kanak, mutanen asalin tsibirin, suna da wata al'ada da suke kira kutum. Baƙo ba ya shiga ƙauyensu haka kawai, sai ya je gaban babban gida ya ajiye ɗan ƙyalle da ɗan abin hannu, ya faɗi ko shi wane ne, ya nemi izini, shi kuma dattijon gidan ya amsa ya karɓe shi. Ya ce ya yi makonni yana karatu a kai. Ya ce abin ya burge shi matuƙa, mutanen nan duk da zaman Turawa ba su yar da al'adarsu ba. Na ce lalle kam. Na karɓi ledar na riƙe masa har gida.

Tafiyar ba ta ƙarewa, kwana muka yi a sama har ƙafafuna suka kumbura. Goron ma a filin jirginsu aka karɓe shi, wai ba a shiga musu da ɗanyen abu, maigidana ya yi ta roƙo kamar an ƙwace masa ɗa. Babban birninsu, Numeya, sai ka ce wani garin kudancin Faransa aka ɗauko aka dasa a bakin teku: ga masu burodi, ga Turawa suna gudun motsa jiki, ga jiragen ruwan masu hali. A gefe kuma matan Kanak cikin dogayen riguna masu furanni suna zaune a ciyawa suna hira da harshensu. Ba zan yi muku ƙarya ba, kwanakin farko na ji daɗi. Ruwan tekun nan kana tsaye a ciki kana ganin yatsun ƙafarka. Na ci kifi har na gaji, na yi dariya, na manta da Lahadi.

Daga nan muka ɗauki mota muka yi arewa, zuwa wani ƙauye inda wani iyali suke saukar baƙi. Mun iske wasu Turawa biyu, mata da miji, su ma sun iso. Aka kai mu gaban wani ɗakin ciyawa mai tsini, mai gajeriyar ƙofa. Maigidan ya fito, dattijo ne mai furfura, ba takalmi, matarsa tana bayansa, da wasu maza a tsaye. Baturen ya fara. Ya miƙa ƙyallensa yana tsaye, ya yi ƴan kame-kame, ya yi dariya, dattijon ya amsa masa da mutunci, aka wuce wajen. A can dama a tsaye ake yi, ba wanda ya ce a durƙusa.

Da aka zo kanmu, maigidana ya miƙa wa Baturiyar salularsa ya ce ta ɗauka masa. Ya cire takalmi. Ya cire hula. Sai na ga mutumin nan ya zube, gwiwa biyu a ƙasa, durƙuso irin namu na gida, kai a sunkuye, ya ajiye turmin da hannu biyu, ya ɗora turaren a kai. Ya fara magana da Faransanci, amma duk wanda ya sha nonon Hausa ya san gaisuwarmu ce yake juyawa. Ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali da ruwan sama. Ya nemi gafarar shigowa ƙasar da ba tasa ba. Ya faɗi sunan ubansa da na kakansa da garinsu. Ko kuskure ɗaya babu, har inda ake sassauta murya ya sassauta.

Sannan ya nuna ni. Ya faɗi sunan mahaifina, ya ce ya rasu a bana, ya ce a wurinsa ya koyi cewa ba a shiga gidan mutane da tsaye. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Ina tsaye da hular rana a kaina, ina jin ana amfani da Baba ana ƙawata jawabi.

Dattijon ya dafa turmin, ya yi doguwar amsa idonsa a ƙasa. Ya ce ya daɗe bai ga baƙon da ya san abin da yake yi haka ba. Sai ya ce su a wurinsu in an yi rasuwa, duk dangin da aure ya haɗa sukan ɗauko zane da doya su zo, komai nisa, don kada a bar mai makoki ita kaɗai. Ya dubi maigidana, ba da wata manufa ba, ya ce, “Ka dai kai wa mahaifiyarta taka gaisuwar ko?”

“Bien sûr,” in ji maigidana. Ƙwarai kuwa. Ko ƙifta ido bai yi ba.

Da la'asar ina zaune bayan ɗakin da aka sauke mu, sai ga matar dattijon ta zo da wani zane a ninke. Ta ajiye mini a cinya, ta zauna kusa da ni a ƙasa. Ta ce ta ji an ce na yi rashin uba, ta yi mini gaisuwa, ta tambaya ko mahaifiyata tana da masu zama da ita. Daga nan ta zauna kawai, irin zaman da ake yi a gidan makoki. Matar da ba ta san Baba ba, ba ta san ma inda Nijar take ba. Na yi kuka har da majina. An dafa mana abincinsu na girmama baƙo, doya da kifi da madarar kwakwa a ganyen ayaba, aka gasa a kan duwatsu masu zafi, kowa yana santi, ni ko loma biyu ban iya ba.

Washegari da safe muka sauka bakin ruwa, na ce masa ashe ya iya. Na ce wata nawa ina koya masa abin da ya fi ni sani. Da farko ya so ya yi mini on verra, na ce yau babu. Ya daɗe yana tona yashi da ƙafa, sannan ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba tun da muka yi aure. Ya ce ranar da ya je gaishe da Baba lokacin neman aurena, ya durƙusa a zaure gaban mutane, Baba yana jin labarun rana a rediyo, bai ko dube shi ba. Wani a cikin mazauna zauren ya ce ai ɗan mahauta ne, aka yi ƴar dariya. Ya ce yana nan durƙushe har ƙafarsa ta mutu, sai da Baba ya tashi ya shiga gida ya fito, sannan ya kashe rediyon ya amsa masa.

“A ranar na rantse ba zan ƙara sa gwiwata ƙasa a gidan nan ba,” in ji shi. “Wannan tsohon da bai san ni ba, kin ga yadda ya karɓe ni.”

Na san Baba, Allah ya jiƙansa, zai aikata. Yana da wannan halin, ba zan kare shi ba. Abin ya taɓa ni, har na ji tausayinsa. Amma na ce masa Baba yana kabari, wadda ta rage Inna ce, ita me ta yi masa? Ya ce gidan ai ɗaya ne. Na ce to ƙarshen shekarar da ya yi mini alkawari fa? Ya juya ya kalli teku, na gane babu wani ƙarshen shekara. Sauran kwanakin mun yi su ne kamar baƙi biyu da aka haɗa ɗaki, a hoto kawai muke matsowa kusa.

Da muka dawo ya tsaya Paris, na wuce Lyon. Abin da ban sani ba shi ne ya ɗora bidiyon durƙuson nan a shafinsa, har da rubutu a ƙasa kan girmama al'adun mutane. Abokan aikinsa Turawa suka yi ta yabo. Ya manta ba su kaɗai suke gani ba. Akwai wata maƙwabciyarmu a Damagaram da ƴarta take karatu a Paris, ƴar ta tura wa uwar, uwar kuwa ta yafa mayafi ta nufi gidanmu da salula a hannu, ta iske mata a tsakar gida, ta ce Hajiya zo ki ga surukinki.

Ran Lahadi na kira kamar kullum. Inna ta yi gaisuwarta cikakkiya, ya hanya, ya gajiya, ya aiki. Ina jiran ya maigidanki, ba ta zo ba. Sai ta ce, “An kawo mini hotonku na gani. Durƙuson ya yi kyau, ko a nan ba kowane yaro ya iya shi haka ba.”

Na zame na zauna a ƙasa.

Ta ce, “Daga yau kada ki ƙara ce mini yana hanya. Ni ma na daina faɗa.” Daga nan ta shiga ba ni labarin tsadar gero, muryarta lafiya lau, ni kuwa ina zaune a ƙasan kicin ina toshe baki da hannu.

Auren bai mutu a ranar ba, ya dai kwanta. Na gaya masa abin da ya faru, ya goge bidiyon, ya ce mutanenmu ba su da aiki sai sa ido. Juma'a ta riƙa zuwa ba wanda ya hau jirgi, yau ni ina da aikin ƙarshen mako, gobe shi. Ba mu yi faɗa ba, ba wanda ya ji kanmu. Kafin shekara ta zagayo muka rabu cikin mutunci, ya kawo mini kayana har Lyon, ya hau da su sama da kansa.

Mutane suna tambayata ko ban yi gaggawa ba, wai a kan gaisuwa kawai. Ni dai abin da na sani, rashin sani ina iya zama da shi har tsufa, in yi ta bayani ba na gajiya. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne mutum ya sani sarai, ya bar ni ina yi wa uwata ƙarya duk Lahadi, ya bar ta tana tare masa bakin matan unguwa. Har yau in abokan aikina suna zancen tsibirin nan, suna cewa aljannar duniya ce, sai in ce haka ne, in tashi in je in duba injin gwaji. Tsibirin bai yi mini komai ba, mutanensa ma alheri suka yi mini. Amma raina ɓaci yake in na tuna shi, kuma na daina jin kunyar faɗa.

Sai bayan shekaru, wani zuwa da na yi gida, muna zaune ni da Inna tana tsince wake, na ba ta labarin zauren da rediyon. Ban taɓa gaya mata ba. Na zaci za ta ce ba ta sani ba. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce ta tuna ranar sarai.

“Shigar da babanki ya yi cikin gida, ai ni na aika aka kira shi,” in ji ta. “Na ce masa in bai kashe rediyon nan ya sallami yaron mutane da alheri ba, yau a gidanmu zan kwana. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa gaya masa magana irin wannan ba. Ya yi sati ba ya cin tuwona.”

Ta zubar da tsakuwar da ta tara a hannu, ta ci gaba da tsintarta. Na ce me ya sa ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce wa za ta faɗa wa, ita da suruki sai a waya, ana gaisawa ana ajiyewa.

Lambarsa tana nan a salulata, muna gaisawa da salla. Sau da yawa na ɗauko zan rubuta masa, sai in fasa. Maganar ba tawa ba ce, ta Inna ce, kuma ba irin wadda ake aikawa ta waya ba ce. Da ya zo, da ya ji da kunnensa.